Sandar awo a bakin lilo: abin da wata takwas suka koya min

Lokacin yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na 2022, wanda ya kama mu tun Fabrairu bai sake mu ba sai Oktoba, zaman gida ya ishe ni har na fara jin haushin kaina, sai yayan wani abokina ya samo min aiki a wani wurin wasan yara a cikin gari. Aikina tsayuwa a bakin lilon nan mai kama da kwale-kwale, wanda yake zuwa gaba ya dawo baya har ka ji hanjinka ya taso maƙogwaro. In karɓi tikiti, in zaunar da mutane, in danne ƙarfen da yake riƙe cinya, sannan in ɗaga wa mai kunna inji hannu. A gefen ƙofa akwai wata sanda da aka kafa, an shafa mata jan fenti daidai santimita 120, duk yaron da kansa bai kai jan nan ba ba ya hawa. Oga ya faɗa min wannan a tsaitsaye ranar farko ya wuce abinsa, ni kuma a raina na ce wannan ai cin kuɗin banza ne.

Ashe sandar nan ita ce aikin gaba ɗaya.

Ranakun da ba jama'a lafiya lau. Ƙaramar Sallah ce ta nuna min inda na kawo kaina, farkon watan Mayu, zafi kamar ya tsaga kai, layi tun daga bakin lilo har wajen masu askirim, yara cikin sababbin kaya hannu duk lalle. Nan na ga dabaru iri-iri wallahi. Uba ya riƙo yaro ta hammata yana ɗan ɗaga shi a wayance yana min hira don kar in kalli ƙasa. Uwa ta ce ma yarinya "yi ɗage mana" a gabana fa, ba ko kunya. Hula mai tsawo a ɗora ta a tsakar ka ba a danna ba, ɗaurin ɗankwali a tada shi sama, wata har canjin takalmi ta yi musu da yayarta a cikin layi. In dabara ta ƙi sai a koma lallashi, "ɗan samari ga na ruwa", in wannan ma ta ƙi sai a koma "ka san ko ni waye". Amma wadda ta fi kashe min jiki ita ce "ni na haife shi, in ya faɗo kai ne da asara ko ni?" don ban san amsar da zan ba babban mutum a kan ɗansa ba.

Washegarin Sallah na yi kuskuren da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Wani Alhaji sa'an babana ya zo da yaro da bai wuce shekara 5 ba, tsakaninsa da jan fenti kusan yatsu huɗu. Na ce Alhaji a yi haƙuri bai kai ba. Ya ce shi zai riƙe shi, a gefensa zai zauna. Na sake ba shi haƙuri, mutanen layi suka taso min, kai malam ka bar shi mana ka tsayar da mu a rana, ba ubansa ba ne. Kunya ta kama ni, ga furfura ga jama'a, na matsa suka wuce.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin, ƙarfen lilon namu guda ɗaya ne ga duk layin kujera, in ka danno shi inda ya fara cin karo da jikin mutum nan yake tsayawa. Alhaji kuwa masha Allah akwai tumbi. Ƙarfe ya tsaya a cikinsa, tsakanin cinyar yaron da ƙarfen kuwa sai ka zura hannu biyu. Da lilo ya kai can ƙarshen sama, wajen nan da mutum yake ji kamar ya rabu da kujera, sai na ga yaron ya sulale, ƙafafunsa sun yi gaba ta ƙarƙashin ƙarfe, uban ya cafko wuyan rigarsa da hannu ɗaya. Na dinga ihu a kashe a kashe, kuma abin ba ya tsayawa nan take sai ya yi ta kai da kawowa yana rage gudu, ban taɓa ganin daƙiƙu masu tsawo irin waɗannan ba. Allah ya kiyaye, takalmi ɗaya kawai ya faɗo. Yaron ya jiƙa wandon Sallarsa, Alhaji ya saɓe shi ya wuce ko kallona bai yi ba, waɗanda suka ce in bar shi kuwa kowa ya kama kallon wayarsa.

Da yamma mai gyaran injinanmu, wani dattijo da muke ce wa Injiniya, ya zaunar da ni bai ko yi faɗa ba. Ya ce lambar nan ba oga ne ya ƙirƙiro ta ba, kamfanin da ya ƙera lilon ne ya rubuto ta a littafinsa, kuma ba ruwanta da shekaru ko jarumta, jiki take aunawa. Yaro in ya kai tsawon, bayansa zai jingina, gwiwarsa ta lanƙwashe daidai bakin kujera, ƙarfe ya zauna tsakanin cinya da mara ya kulle shi. In bai kai ba ƙafarsa a miƙe take tana reto, ba abin da zai tokare shi, ta ƙasa zai zame. Maganar riƙewa kuma ya ce in manta da ita, lokacin da lilo ya gangaro nauyin yaro ƙaruwa yake a hannunka, ga gumi, ga kai ma kana neman abin kamawa.

Daga nan na fara karance-karance a waya. A watan Maris na 2022 ɗin wani yaro ɗan shekara 14 ya faɗo daga wani dogon lilo a Orlando ta Amurka ya rasu, shi matsalarsa ma ba ƙanƙanta ba ce, nauyinsa ya haura abin da kamfani ya ƙayyade, kuma bincike ya nuna an taɓa na'urar kujerar da hannu don ta yarda da maƙalli a buɗe fiye da ƙa'ida. Wanda ya fi tsaya min a rai na jihar Kolorado ne a Satumbar 2021, yarinya ƴar shekara 6, ta zauna a kan bel ɗin maimakon a ɗaura mata shi, ma'aikatan ba su duba da kyau ba suka saki abin. Ma'aikatan nan aikina suke yi. Tun daga lokacin ko gwamna ne ya zo sai na ja ƙarfen kowane layi da hannuna, kuma duk mai gyale ko dogon hijabi sai na roƙe ta ta tattare shi ta zauna a kai, wasu su harare ni, a harara ɗin.

Toh amma taurin kai shi kaɗai ma ya so ya kai ni wani ramin. Na zama mai zafi, ina kora da ƙarfi kamar ɗan sanda. Wata mata ta zo da yara uku, ka gan su ka san an daɗe ana tara kuɗin zuwan nan. Biyu suka wuce, ta ukun ta tsaya a sanda saura yatsu biyu, na ce da ƙarfi "ke kin yi ƙanƙanta, koma gefe". Yara suka kwashe da dariya, gajeriya gajeriya. Uwar ta matso a hankali ta ce ɗan nan, shekararta 9 fa, wancan da ka bari ɗan ƙanwata ne, ta girme shi da shekara biyu. Na ɗauka irin ƙaryar da na saba ji ce, sai da na kalli fuskar yarinyar, ba ta yi kuka ba, ƙasa kawai take kallo, kuma fuskar ta babbar yarinya ce.

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya yaro yakan kai santimita 120 wajen shekara 7. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, galibi saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan ciwo tun suna jarirai. Kenan ba duk uwar da ta ce min "shekararsa 8" ce take ƙarya ba, kuma sandar nan ta fi kama ɗan talaka. Wannan bai sa na buɗe ƙofa ba, ƙarfe bai san wannan lissafin ba. Bakina na gyara. Na koma in durƙusa daidai fuskar yaro in auna shi ba hayaniya, in ce saura kaɗan, ka dage da cin tuwo, zo in nuna maka motocin karo sun fi wannan daɗi ma. Sau da yawa yaron ya haƙura tuni ya ruga, uban ne yake nan tsaye yana huci.

Na kuma gane rabin faɗan na kuɗi ne. Mutum ya sayi tikiti, ya yi awa guda a rana, sai ya iso a ce ɗansa ba zai hau ba, ko ni ne sai na yi masifa. Na roƙi oga a kafa wata sandar a wajen sayar da tikiti, sai da aka ja rai sannan aka yi, rigima ta ragu sosai. A manyan wuraren wasa na kamfanin Disney har tsari gare su, uba ya hau uwa ta tsaya da ƙaramin, in ya sauko ita ta hau ba sai ta sake bin dogon layi ba, mu ma muka fara yin haka ba tare da mun sa masa suna ba.

Akwai kuma iyaye na ɗaya gefen, waɗanda yaro ya kai tsawo amma yana kuka ba ya so, uba na jan hannunsa "kai ba namiji ba ne", waya a ɗaya hannun ana son bidiyon sawa a sitatus. Su kam yaron nake tambaya, za ka hau? In ya girgiza kai sai in ce Alhaji kujerar nan ta samu matsala a jira zagaye na gaba, Allah ya yafe min ƙaryar.

Da Babbar Sallah a watan Yuli matar nan ta dawo da yaranta. Na hango ta a layi tana ta tada wa yarinyar ɗaurin ɗankwali sama. Da suka iso yarinyar da kanta ta cire ɗankwalin ta jingina da sanda, ta ɗago ta kalle ni ta ce "Yaya, saura kaɗan ko?" Na ce saura kaɗan. Ta miƙa wa uwar ɗankwali ta nufi wajen motoci.