Abin da duwatsun Sakkwato suka koya mini

Malaminmu na ilimin duwatsu yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa: kada ka ɗaga komai daga ƙasa sai ka rubuta inda yake kwance. Wace shimfiɗar dutse ce, me ke samanta, me ke ƙarƙashinta. Ɗalibai kan ƙosa, domin ido na kan ƙashin da ya leƙo, hannu kuma na ƙaiƙayi. Amma shekarun burbushin halitta daga shimfiɗar da ta binne shi ake gano su. Shimfiɗar da ke ƙasa ta riga wadda ke samanta kwanciya. Idan aka yi sa'a da tokar dutse mai aman wuta a kusa, sai a auna yawan yuraniyom ɗin da ya rikiɗe ya koma dalma, a fitar da shekaru. Ƙashin da aka tsinta aka jefa cikin buhu ya rasa duk wannan shaida.

A Kalambaina na ga amfanin dokar ƙiri-ƙiri. Dutsen farar ƙasar da ake fasawa don siminti cike yake da ɓawon halittun teku. Ka kankare ƙura da farce, sai ga zanen ɓawon raɗau, alhali kana tsaye cikin zafin Sakkwato, babu teku ko a mafarki. Ashe a da, teku ya taɓa ratsa Sahara ya malalo har nan.

Can ƙasa da wannan, a shimfiɗar Dukamaje, aka samu ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, wanda masu bincike daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, saboda Goronyo. Duk tonon da za ka yi a farar ƙasar Kalambaina ba za ka same shi ba. Tsakanin shimfiɗun biyu ne aka yi babbar halakar nan ta shekaru miliyan 66 da suka wuce, wadda ta shafe danginsa tare da dinoso, wato dabbobin zamanin da masu kama da ƙadangaru. Da an cakuɗa ƙasusuwan wuri guda, wa zai gane haka?

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji ana tsintar ƙasusuwa ana sayarwa a Gadufawa, can cikin hamadar Tenere a Nijar. Wurin ne ya fitar da Nigersaurus, wani dinoso mai haƙora sama da 500, da ƙaton kadan nan Sarcosuchus, masu shekaru kusan miliyan 110. Yanzu idan wani ya kira ni ya ce ya ga ƙashi a gona, nakan roƙe shi ya ɗauki hoto da waya, ya ajiye biro a gefe don a gane girmansa, ya bar shi yadda yake har mu iso.