Tarihin Rayuwar Mariano Rivera, Kashi na Huɗu: Jifar da Ta Ƙi Miƙewa

A makon jiya mun tsaya a ƙarshen kakar 1996, lokacin da ɗan masuncin nan na ƙauyen Puerto Caimito a ƙasar Fanama, majefin ƙungiyar besbol ta Yankees, yake share fage a zagaye na bakwai da na takwas, sannan John Wetteland ya shigo a na tara ya rufe wasa. A shekarar, masu bugu 130 Rivera ya kora da jifa zalla cikin zagaye 107 da ɗoriya, Yankees ta birnin Niyok kuma ta ci kofin World Series a kan Atlanta Braves. Ba a gama shagalin kofi ba Wetteland ya tattara ya koma Texas Rangers. Sai kociya Joe Torre ya ɗora wa Mariano zagaye na tara.

Aikin mai rufe wasa a besbol haka yake. Ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, shi kuwa ba ya sanin ranar da za a neme shi. Yana zaune a bulfen, wato ɗan filin da majefan karɓa suke jira a bayan katanga, har wayar bango ta yi ƙara. Sai ya tashi ya sassauta kafaɗa, ya yi jifa kaɗan, ya fito. A wancan zamani, idan ya hau tudu, wato wurin da majefi yake tsayawa ya yi jifa, jifa takwas ta gwaji ake ba shi, shi ke nan. Mutum uku ake so ya fitar. Idan ya shigo ƙungiyarsa tana gaba da maki uku ko ƙasa da haka, ya kuma kai wasan ƙarshe ba a kamo ta ba, an rubuta masa ceto guda. Idan aka kamo ta, ceto ya lalace, wahalar sa'o'i uku ta mutum tara ta zube a hannunsa, gobe kuma da yamma ana iya sake kiransa.

Cikin dama shida na farko a 1997, uku suka lalace masa. Ba ƙarfin hannu ya rasa ba. Matsalar ita ce jifa ɗaya ya dogara da ita, miƙaƙƙiya mai gudu, wadda yake sakawa sama daidai ƙirjin mai bugu. Mutanen da suka yi shekara suna kallonta sun fara sanin inda za su tare ta. Torre dai bai janye shi ba, ya ce wurin nasa ne.

A watan Yuni, ana shirin wasa a Detroit, yana jefe-jefen motsa hannu da Ramiro Mendoza, ɗan ƙasarsu kuma abokin zamansa a bulfen. Sai Mendoza ya fara ƙorafi: ƙwallon tana zuwa sak, dab da safar hannu sai ta goce. Rivera ya ce shi bai sauya komai ba. Mel Stottlemyre, mai horar da majefa, ya zauna da shi suna gyara riƙo ko za ta miƙe, domin jifar da mai ita bai san inda za ta faɗa ba hatsari ce. Suka yi ta fama, ta ƙi. Daga ƙarshe aka bar ta, ya koma koyon sarrafa ta. Har ya bar wasa, kyautar Allah yake kiranta.

Ita ce jifar da ake kira kota, ma'ana mai yanka. Manuniya da ɗan yatsan tsakiya suna haɗuwa su kwanta a kan ɗinkin ƙwallon, amma a ɗan matsar da su gefe maimakon tsakiya, babban yatsa yana tallafe ta ƙasa. Lokacin saki, ɗan yatsan tsakiya ne yake dannawa. Ba a murɗa wuyan hannu ko kaɗan. Nan masu koyo suke ɓata ta: da sun murɗa, gudun ya ragu, ƙwallon ta fara karkata tun daga nesa, mai bugu ya gan ta ya shirya. Ta Rivera kuwa tana tafiya wajen kilomita 150 a sa'a, tsakanin tudu da faranti, inda mai bugu yake tsayawa, kuma mita 18.44 ne kacal, ƙasa da rabin daƙiƙa ke nan. Mai bugu dole ya yanke shawara tun ƙwallon tana tsakiyar hanya, ita kuma sai ya riga ya sako kulki take gocewa, abin da bai wuce faɗin tafin hannu ba.

Wannan ɗan gocin ya isa. Kulkin besbol kaurinsa yana can kai, wajen mariƙi siriri ne. Rivera da dama yake jifa, don haka ƙwallon tana kutsawa cikin jikin mai bugu da hagu, ta sami kulkin a siririn wuri kusa da yatsu. Sai ka ji ƙas, itace ya tsage, ƙwallo ta gangara a raunane, mai tsaro ya ɗauka ya jefa. A ƙa'ida bahago ya fi jin daɗin majefi na dama, amma a gaban Rivera har masu iya bugu da hannu biyu wani lokaci sukan gwammace su tsaya a matsayin dama. A ganina ba a taɓa yi wa majefi shaidar da ta kai wannan ba.

Da jifar ta zauna, salon aikinsa ya sauya. Ya daina neman korar kowa da jifa uku, ya koma barin su su taɓa ƙwallo taɓin da ba ya amfani. Jifa kaɗan, hannu ya huta, gobe a sake samun sa. Ya rufe 1997 da ceto 43. A shekarar ne kuma, ranar 15 ga Afrilu, aka jingine lamba 42 a dukkan ƙungiyoyi don girmama Jackie Robinson, baƙar fata na farko da ya buga a babbar gasar besbol ta Amurka a zamanin nan, aka bar wa masu sanye da ita su ci gaba, cikinsu har da shi.

Kakar ba ta ƙare masa da daɗi ba. A wasa na huɗu na zagayen farko na fitar da gwani, a Cleveland, Yankees tana gaba da maki 2 da 1, nasara ɗaya ta rage mata ta wuce. Torre ya kira shi tun a zagaye na takwas. Saura mutum huɗu a tashi, Sandy Alomar ƙarami na Cleveland ya shigo bugu. Jifa biyu na farko suka kauce wa faranti, abin da majefi ya fi tsoro ke nan, domin yanzu dole ya kawo ta inda ake iya bugawa, mai bugu kuma ya sani. Ya sako mai gudu, sama, ta wajen faranti. Alomar ya bi ta ya tura ta ɓangaren dama, mai tsaron Yankees Paul O'Neill ya bi har jikin katanga ya yi tsalle, ta wuce safarsa ta faɗa bayan katanga, Cleveland ta kamo su. Cleveland ta ci wasan 3 da 2, washegari ta sake ci, Yankees ta koma gida.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga 1998 da 1999, har daren da Ryan Klesko na Atlanta ya karya kulki uku a tsayuwa ɗaya.