Ƙofar da doka ta ce a bar wa jami'an tsaro

Ni dai ban taɓa jayayya da cewa gwamnati na da hurumin sauraren wayar wanda ake zargi da garkuwa da mutane ko shirya kai hari ba, ai duk wanda aka taɓa sace masa ɗan uwa, abu na farko da zai roƙa shi ne a bi sawun lambar da ake kiransa da ita. Abun da ke damuna shi ne yanda ake rubuta dokokin, a ba da iko a layi ɗaya, maganar waye zai sa ido kuma a barta sai wani jiƙon.

Kusan kowace ƙasa yanzu tana tilasta wa kamfanonin sadarwa su gina na'urorinsu ta yanda jami'an tsaro za su iya shiga su saurari kira in sun zo da izini. Amurka ta yi nata tun 1994, dokar da ake kira CALEA, sauran ƙasashe kuma kowa da irin tasa, kamfanin da ya ƙi to lasisinsa ne a kan siraɗi. To amma fa ƙofa ƙofa ce, in ka gina ta don ɗan sanda, ɓarawo ma in ya samu makulli ta nan zai bi, kuma wannan ba hasashe ba ne ya faru.

A Girka, wajen lokacin wasannin Olamfik na 2004, wasu sun kutsa cikin na'urorin Vodafone suka kunna wannan manhajar sauraren da aka tanadar wa hukuma, suka yi ta jin hirar wayoyi kusan 100, ciki har da ta firaminista Kostas Karamanlis da ministocinsa. Sai a 2005 aka gano, kamfanin kuma ya yi sauri ya cire manhajar da masu kutsen suka dasa kafin a bi sawunsu, wanda hakan ya ƙara dagula bincike, daga baya aka ci shi tarar Yuro miliyan 76. Ka ga wato shugaban gwamnati da kansa ne aka saurara ta hanyar da aka gina da sunan tsaron ƙasa.

Shekara 20 bayan nan sai ga irinsa a Amurka. A 2024 aka bayyana cewa masu kutsen da ake kira Salt Typhoon sun shiga manyan kamfanonin sadarwa irin su AT&T da Verizon, har sun taɓa tsarin da ake bi wajen biyan buƙatun kotu na sauraren waya. Amurka ta ɗora wa Sin laifi, Sin ta ce ba ruwanta. Abun dariya ma, a Disambar shekarar jami'an Amurka suka fito suna ba mutane shawara su koma manhajojin da ke kulle saƙo daga mai aikawa zuwa mai karɓa, alhali shekara da shekaru hukumar FBI na kukan cewa irin wannan kullewar ce ke hana ta aiki.

Sannan akwai abun da mutane ke rainawa, wato bayanan da ke kewaye da kira, wa ka kira, ƙarfe nawa, minti nawa, wane turken sabis wayarka ta kama. Za a ce maka ai ba a ji muryarka ba, eh ba a ji ba, amma wanda ya san ka kira likita da tsakar dare ka kuma kira lauya da asuba ai ya gama sanin labarinka. Takardar farko da ta fito a 2013 daga hannun Edward Snowden, wanda ya fallasa takardun sirrin leƙen asirin Amurka, umarnin wata kotun sirri ce ga Verizon cewa ya riƙa miƙa irin waɗannan bayanan na kwastomominsa kullum. A 2014 kuma kotun Tarayyar Turai ta soke dokar 2006 da ta ce a riƙa ajiye bayanan kowa da kowa na wata 6 zuwa shekara 2, ta ce an wuce gona da iri.

Shi ya sa in na ji ana muhawara kan sabuwar dokar sadarwa, ba na tsayawa a shafin da ke lissafa barazanar, kowa ya san akwai barazana, ina neman wajen da aka ce waye ke sa hannu. Birtaniya a dokarta ta 2016 ta ce minista ya sa hannu sannan wani alƙali na daban ya duba ya amince, ba cikakken magani ba ne kuma 'yan rajin kare haƙƙi na sukar dokar sosai, amma ko banza mutum ɗaya ba zai nema ya kuma ba wa kansa izini ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne hukuncin Kotun Tsarin Mulkin Afirka ta Kudu a Fabrairun 2021 kan dokarsu ta sauraren waya da ake kira RICA, bayan ɗan jarida Sam Sole ya gano an saurari wayarsa. Kotun ba ta ce a daina saurare ba, cewa ta yi dokar ta gaza saboda ba ta tanadi a sanar da mutum bayan an gama bincike ba, kuma alƙalin da ke ba da izinin ba shi da cikakken 'yanci daga ɓangaren zartarwa, sannan babu kariya ta musamman ga lauyoyi da 'yan jarida. Wannan batun sanarwar shi ne wanda gwamnatoci suka fi gudu, don muddin mutum bai san an saurare shi ba to ba shi da abun da zai kai ƙara a kai, kamfanin da ya sani kuma sau da yawa doka ta hana shi buɗe baki.