Bayan an sallame ni daga gashin ƙashi

Ranar da aka sallame ni daga sashen gashin ƙashi, a watan Oktoban 2022, da ƙafata na tako daga bakin asibiti har titi, na ƙi tsayar da Keke Napep don murna. Zama 12 na yi cikin mako 6, kuma gaskiya na ji sauƙi, har ina iya sa wando a tsaye, abin da na yi kusan shekara ban yi ba. Yarinyar da ke kula da ni ta ba ni wata takarda mai zanen mutum yana ɗaga ƙafa. Na ninke ta na sa a aljihu, daga nan ta koma durowar keken ɗinki, cikin tsofaffin rasiɗai da ragowar zare.

Ni tela ne, shekarata 56, shagona yana wajen Dilimi a nan Jos. Ciwon a matsematsina na dama ya fara, yana bin gaban cinya yana sauka har gwiwa. Shi ya sa na yi wata da watanni ina dirza wa gwiwa man zafi, ashe ita ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Sai da aka ɗauki hoton ƙashi likita ya nuna min inda gizo ke saƙar. Kan ƙashin cinya kamar ƙwallo yake, yana juyawa cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu, tsakaninsu akwai guringuntsi mai santsi. Nawa ya zaizaye ta sama. Ya ce amosanin gaɓa ne a kwatangwalo, kuma guringuntsin da ya tafi ba ya dawowa. Wannan magana ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Da hunturu ya kama a Disamba, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Wanda bai kwana a Jos cikin sanyi ba ba zai gane ba. Garin a kan tudu yake, sama da mita 1,200, da asuba ko ruwan alwala sai an ɗumama. In na tashi sai in ji ƙafar ta sandare kamar ba tawa ba, sai na yi kusan minti 20 ina dafa bango kafin ta saki. Maimakon in nemo takardar nan, sai na nufi wani kemis aka ƙulla min haɗi a leda, ƙwayoyi kala huɗu, ban san sunan ko ɗaya ba. Suna aiki kam, ba zan yi musu ƙarya ba. Mako uku ina sha, cikina ya fara zafi kamar na haɗiyi garwashi.

Da na kai wa likita ledar, ya zazzage ta a tebur ya ware min su. Akwai diklofenak, wanda in an daɗe ana sha yana kawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya tayar da hawan jini. Akwai deksa, wato deksametazon, wadda ya ce yawan shanta na iya kashe kan ƙashin cinyar ma baki ɗaya, irin matsalar da masu sikila ke fama da ita. Wato ina biyan kuɗi ina ƙara wa kwatangwalon da nake jinya rauni. Ya mayar da ni kan farasitamol, ya ce in zan sha mai ƙarfi sai da saninsa kuma na 'yan kwanaki, sannan ya sake tura ni wajen masu gashi.

Na shiga da ƙorafina a baki, na ce gashinsu bai yi ba. Yarinyar nan da ke kula da ni ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Baba, ina takardar da na ba ka?" Na yi shiru. Ta ce, "Baba, ɗumin nan da muke sa maka lallashi ne kawai. Aikin yana wajen naman ɗuwawu da na cinya, su ne za su ɗauke wa gaɓar nauyi. In ka bar su mako uku, sun koma gidan jiya." Na ji kunya, don sa'ar 'yata ta biyu ce.

Motsin ba wani abin a zo a gani ba ne. In kwanta rigingine in tanƙwara gwiwoyi in ɗaga ƙugu sama. In kwanta ta gefen lafiya in ɗaga ƙafar ciwon a miƙe. In zauna a kujera in miƙe ba tare da dafa komai ba. Kowanne sau 10, bayan asuba, sannan in ƙara da yamma. Wahalarsa ɗaya ce: babu mai tsaya maka a kai.

Abin da ya fi ba ni wuya wajen koyo shi ne ranar da na tashi garau ita ce mai haɗari. Gab da ƙaramar sallar 2023 jikina ya yi daɗi, ɗinki ya taru, na zauna a kan keke tun hantsi har bayan tarawihi, kwana biyar a jere, ina taka feda da ƙafar nan ta dama. Ranar idi ina kwance, yara suka tafi suka bar ni, wasu da kayan da ni na ɗinka musu. Tun daga nan na ɗauki ma'aunin da aka gaya min na raina: in na yi aiki ciwon ya ɗan ƙaru amma kafin gobe da safe ya koma yadda yake, babu laifi. In ya kwana ya wuni, na wuce gona da iri, sai in rage, amma kada in kwanta gaba ɗaya, don kwanciyar ma tana ƙara sandarar da gaɓar. Yanzu duk minti 30 nakan tashi in taka zuwa bakin shago in dawo. Na sa wa keken ɗinkin injin lantarki, na ɗora katako a ƙarƙashin kujerata don kada gwiwa ta fi ƙugu tsawo. Yanka da guga na bar wa yarana.

Sai maganar sanda da kujerar masallaci, wadda ba ciwo ne ya hana ni ba, girman kai ne. Wata huɗu sanda tana jingine a bayan ƙofa, ina cewa ni ba tsoho ba ne. Da na ɗauka ma sai na riƙe ta a hannun dama, gefen ciwon, ina tafiya a karkace. Ashe a hannun hagu ake riƙewa, ta sauka ƙasa tare da ƙafar da ke ciwo. A matakala kuwa mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwo ke fara sauka. A garin da ko'ina dutse ne da gangara, wannan ba ƙaramin ilimi ba ne. Zaman tahiya shi ya fi azabtar da ni, amma na dinga cijewa har limaminmu ya lura da yadda nake tashi. Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ka manta hadisin Imrana ɗan Husaini? Ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune." Yanzu ina tsayuwa da ruku'u da jama'a, in zauna a kujera a ƙarshen sahu in yi sauran.

A gida mun sa masai na zama, don tsuguno ya gagara. Ina kwana da matashi tsakanin gwiwoyi. Tabarma kuwa mun yi sallama da ita, ko a wajen ɗaurin aure sai in nemi benci, masu cewa na zama Bature su yi ta faɗa.

Likita ya yi min maganar aikin sauya gaɓar da ta ƙarfe, ya ce lokacinsa shi ne ranar da ciwon ya hana ni barci da tafiya duk da motsi da magani. Ban kai nan ba tukuna. Ciwon yana nan, wata rana kaɗan, wata rana ya hana ni zuwa Farin Gada cefane. Takardar nan na ciro ta daga durowa, duk ta yi dabbaren man keke, maiɗakina ta manna ta a bango saitin gado. In ta ga na koma cikin bargo bayan asuba, ba ta cewa komai, sai ta shimfiɗa darduma a ƙasa ta fita ɗora ruwan shayi.