Ɗinki daga littattafan Japan: kafin almakashi ya taɓa yadi

'Yar'uwa, idan littafin ɗinkin Japan ya shigo hannunki a nan Jidda ko Makka, kada rubutunsa ya firgita ki. Zanen da ke ciki ya isa ya koya miki aikin mataki-mataki, lambobin kuma irin namu ne, awon duk da santimita. Abin da ke jawo asarar yadi shi ne wasu ƙa'idoji da littafin ya ɗauka kowa ya sani.

Ta farko ita ce babbar takardar da ke naɗe a bayan littafin. Zanen yankan riguna da yawa ne a kanta, an ɗora wani kan wani, gaba da baya, layuka sun sarƙe. Ba a yanka ta. Ki shimfiɗa farar takarda marar kauri a kai, ki danne gefunan da wani abu mai nauyi, ki bi layin rigar da kike so da fensir. Kowace riga tana da harafi ko lambarta, ki fara bin layin da yatsa har ya zagayo kafin ki zana, domin nan ne ake kauce wa hanya a faɗa hannun wata rigar. Ki kwafe har da kibiyar da ke nuna tsawon yadi da alamomin haɗa hannu da kafaɗa.

Ta biyu ta fi kowace cin mutane: yawancin zanen nan ba su da rarar ɗinki, abin da teloli ke ce wa alawas. Layin da kika kwafa, nan ne zare zai bi, ba almakashi ba. Akwai ƙaramin hoto da ke nuna yadda ake jera sassan a kan yadi, da lambobin alawas ɗin da za ki ƙara a gefensu. Galibi santimita 1 ne a jiki, 2 zuwa 3 a kalmasar ƙasa da bakin hannu. Wadda ta yanka a kan layi, rigarta za ta rage santimita 4 a ƙirji, wuya ya buɗe, hannu ya ƙi zama.

Alamomi kaɗan kawai za ki riƙe. わ na nufin a ɗora wannan gefen a kan ninkin yadi, ba a ƙara masa alawas. 表 fuskar yadi ce, 裏 bayansa, 中表 kuma a haɗa fuska da fuska a ɗinke. Sauran kyamarar waya za ta fassara miki, amma in fassarar ta saɓa da hoto, bi hoton.

Sai girma. Lamba 9 a awon Japan mace ce mai tsawon santimita 158 da ƙirji 83, ga shi rigunansu da yawa a gwiwa ko ƙwauri suke tsayawa, mu kuwa har idon sawu muke so. Kada ki ƙara tsawon daga ƙasa kawai, in rigar mai buɗewa ce siffarta za ta lalace. Ki yanka takardar da kika kwafa a kwance ƙasa da ƙugu, ki raba ta gwargwadon abin da kike buƙata, ki liƙa wata a tsakani. Faɗi kuma a kasa shi huɗu: in ƙarin santimita 8 kike nema, 2 ne a kowane gefe na gaba da baya, sannan a sassauta hammata daidai da hannun. Ki gwada da yadi mai araha tukuna. Ki kuma tuna lissafinsu yawanci a kan yadi mai faɗin santimita 110 yake, a nan da mita ake sayarwa, yadi ɗaya na gida kuwa santimita 91 ne da ɗoriya.

Ɓangaren da na fi so a littattafan shi ne haɗe-haɗen ƙyalle, inda fisis ɗin atamfa ke zama jaka, rigar matashi ko siririn bargo na ɗaki mai sanyin AC. A nan alawas 0.7 ne. Murabba'i mai santimita 5 ana yanka shi 6.4. Idan kika ɗinke shi a kan 1 bisa sabo, kowane ƙyalle ya rasa 0.6, jerin goma ya rasa santimita 6, ba zai haɗu da sauran sassan ba. Ki zana layin ɗinkin a bayan kowane ƙyalle. A wanke fisis a goge kafin yanka, saboda wata atamfar tana zuba, auduga kuma tana tsukewa a wankin farko. Yadin tob, wato doguwar rigar mazan Saudiyya, duk da cewa mai kyansa ma daga Japan ake kawo shi, yawanci roba ce ta yi masa yawa, yana santsi, ba ya karɓar guga kamar auduga. In kin shiga Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, nema, ki ce auduga zalla.

Aikin haɗe-haɗen hawa uku ake yi masa: haɗaɗɗen ƙyalle a sama, audugar tsakiya, sai shafi. Na ƙasan biyu su fi na sama da santimita 3 a kowane gefe, domin ɗinki yana janye aiki. A kama su da dogon ɗinki na wucin gadi daga tsakiya zuwa baki, ainihin ɗinkin ma daga tsakiya ake farawa. Fara daga gefe shi ke tara ƙunci a cibiya, kuma guga ba ta gyara shi. Da zafin ƙasar nan, audugar mafi siranta ta wadatar.

Za ki kuma ci karo da sashiko, ɗinkin hannu da farin zare a kan yadi mai shuɗin baba, irin launin da ake fitarwa a marinar Ƙofar Mata a Kano. Talakawan Japan ne suka raya shi a zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, don ƙarfafa tsofaffin tufafi da tsare sanyi. Ba a sa yadin a zoben da ake ɗame yadi da shi wajen ɗinkin ado. Ana tara ɗinki da dama a kan doguwar allura kafin a ja, kowane ɗinki kamar ƙwayar shinkafa, na sama ya ɗan fi na ƙasa tsawo. Bayan kowane ja ki murje yadin da babban yatsa ya miƙe. A kusurwa ki bar ɗan sako-sakon zare ta baya, in ba haka ba wanki ɗaya zai tattare aikin. Inda layuka suka haɗu kuma kada zare ya hau zare, a bar tsakiyar a buɗe.