Ganyayen ƙamshi a tsakar gida: na'ana'a, daddoya da 'yan uwansu

Duk wadda ta saba sayen na'ana'a ko daddoya a kasuwa ta san cewa ƙullin da ake sayar mata ya fi ƙarfin girkin rana ɗaya, kuma kafin gari ya waye rabinsa ya yanƙwane ko ya yi baƙi, musamman a gidan da wuta ba ta zama balle a dogara da firij. Ganyen ƙamshi ya bambanta da alayyahu ko yakuwa da ake cika tukunya da su, domin ɗan kaɗan ake buƙata, amma ana son sa ɗanye shar, a daidai lokacin da za a sauke girki. Shi ya sa nake ganin, a cikin duk abin da ake shukawa a gida, babu wanda ke biyan wahala kamarsa. Tumatir da tattasan tsakar gida ba za su hana mutum zuwa kasuwar kayan miya ta 'Yankaba ba, amma bokiti huɗu na ganye sun isa su riƙe kicin ɗin gida guda shekara ta zagayo.

Ba a buƙatar fili. Tsohon bokitin fenti, buhun siminti da aka wanke, ko randar da ta tsage, kowanne yana aiki, matuƙar an huda ƙasansa yadda ruwa zai riƙa fita, domin saiwar da ta kwana cikin taɓo ruɓewa take yi. Ni dai na fi son tukunyar ƙasa, saboda baƙin bokitin roba yana ɗaukar zafi a bazara har ya dafa saiwar. Ƙasar da nake haɗawa kashi biyu ce ta ƙasar gona, kashi ɗaya na rairayi, kashi ɗaya na taki, kuma takin awaki da ya bushe ya daɗe a ajiye shi ne mafi aminci. Kashin kaji yana da ƙarfi ƙwarai, idan aka zuba shi sabo yakan ƙone shuka cikin 'yan kwanaki, don haka sai an bar shi ya huce tukuna.

Na'ana'a ita ce mafi sauƙin kamawa, kuma ita ce ta fi saurin fushi. Ba a wahalar da kai wajen neman irinta. Daga cikin ƙullin kasuwa ake zaɓar reshe mai ƙwari, a tsinke ganyen ƙasa, a tsoma shi cikin kofin ruwa a ajiye a inuwa, ana canja ruwan duk bayan kwana biyu. Cikin mako guda zuwa biyu za a ga fararen saiwoyi sirara sun fito daga gaɓoɓin, daga nan sai a dasa. Abin da take so shi ne ranar safe da inuwar la'asar, don haka gindin katangar da ke kallon gabas ya fi dacewa da ita. Ƙasarta kuma kada ta bushe ƙayau, domin yini ɗaya na Afrilu ba ruwa ya isa ya kwantar da ita. Tana da hali guda da ya kamata a sani tun farko: rassanta suna bi ta ƙarƙashin ƙasa su ɓullo a wani wuri, har su danne duk abin da ke kusa, saboda haka bokitinta nata ne ita kaɗai. Bayan kamar shekara saiwar takan cika bokitin, ganyen ya ƙanƙance, ƙamshin ya ragu. A lokacin sai a juye ta, a raba gida biyu ko uku, a sake mata ƙasa, abin da ya yi saura a miƙa wa maƙwabta.

Wanda ya taɓa zama wurin shayin Buzaye, a Agadas ko a bakin shagunan Kano, ya ga yadda ake cusa ganyen na'ana'a a ƙaramar buta bayan shayin ya riga ya dahu, ba tun farko ba. Dalili kuwa shi ne ƙamshin yana cikin wani mai da ke tashi da tururi, idan aka daɗe ana tafasawa sai ya gudu ya bar ɗaci. Haka nake yi wa zoɓo: citta da kanumfari su tafasa tare da shi, na'ana'a kuma sai an sauke, a murza ta a tafin hannu, a jefa, a rufe. A kan ƙwai, ko cikin kwaɗon tumatir da albasa da ƙuli-ƙuli, ganye biyar da aka yanka ƙanana sun wadatar.

Daddoya akasin haka take, rana take so, kuma idan ta kafu takan zama ɗan ƙaramin itace da ke kai wa mutum ƙugu ko ma ya wuce, ya yi shekaru yana ba da ganye. Ana shuka ta da iri, wanda ƙanana ne ƙwarai don haka barbaɗa shi ake yi a saman ƙasa ba a binne shi da zurfi ba, ana kuma dasa reshenta a farkon damina. Sirrinta ɗaya ne, wato tsinke kai. Da zarar ta fara fitar da fure sai ta mayar da ƙarfinta kan iri, ganyen ya yi tauri ya rage yawa, amma idan ana tsinke kan reshe daga saman ganye biyu, wurin yakan fito da rassa biyu. Mutane da yawa suna tsinkar manyan ganyen ƙasa su bar kan, sai shukar ta miƙe doguwa siririya, su ce ƙasar gidansu ce ba ta karɓe ta ba. Ƙamshin babbar daddoya yana kama da na kanumfari, kuma ba banza ba, sinadarin ƙamshin nasu iri ɗaya ne. Shi ya sa take kashe ƙarnin kifi da na kayan ciki a farfesu, take kuma gyara faten doya da faten wake. Ita ma a ƙarshe ake saka ta, minti biyu ko uku kafin a sauke, kuma a yi hankali da yawanta, domin tana iya danne daddawa da duk sauran kayan miya. Ana yawan cewa tana korar sauro. Ko da akwai ƙamshin gaskiya a maganar, ban ga tukunyar daddoyar da za ta maye gurbin gidan sauro ba.

Ciyawar shayi, mai ƙamshin lemon tsami, ba ta da rigima. A samo tushe biyu ko uku masu saiwa daga wanda yake da ita, a datse ganyen, a kafa a babban mazubi, sauran aikin na ruwa ne da rana. Ita kam tafasawa take so, ana ƙulle ganyen a jefa a tukunyar shayi tare da citta, farin gindinta kuma a ɗan daddaka shi a saka a romon kaza. Gefen ganyenta yana da kaifi, yana yanka yatsa, don haka da almakashi ake yankarta.

Lawashi kuwa kyauta ce daga kwandon albasa. Albasar da ta tsiro har uwargida ke shirin jefarwa, ko gindin da aka yanke mai saiwa, idan aka binne shi sama-sama zai ba da ganye cikin mako biyu, a yanka ya sake tohowa sau biyu ko uku kafin ƙarfinsa ya ƙare. Hunturu ne lokacinsa, lokacin da manoman Galmi da Aliero ke tsakiyar aikin albasa, domin sanyi take so. Ɗanyen lawashi a kan dafa-duka ko cikin dambu yana da ɗanɗanon da gabu ba ya bayarwa, duk da cewa gabu ma yana da gurbinsa a miyar kuka.

Jarrabawar gaske tana zuwa ne daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kai maki 40 kuma ruwan ma sayensa ake yi a wurin 'yan garuwa. Ruwan alwala, da na wanke shinkafa da kayan miya, idan aka tara su a bokiti sun isa ban-ruwa safe da yamma, amma ruwan wanki ko na wanke-wanke mai sabulu da maiƙo yana lalata ƙasa a hankali. Rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa yana rage bushewa sosai. Kaji da awaki su ne manyan abokan gaba, sai a ɗora bokitan a kan bulo ko a kewaye su da tsohuwar raga. Ƙananan ƙwari da ke maƙalewa a bayan ganye kuma ana maganinsu da ruwan ganyen darbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa da yamma. Maganin feshi na gona ba shi da gurbi a kan ganyen da za a tsinka yau a ci yau.

Idan damina ta sauka daddoya da na'ana'a sukan yi yawa har su fi ƙarfin gida. A lokacin nake yanke su da safe, in shanya a kan faifai a cikin ɗaki mai iska, ba a rana ba, domin rana tana cinye launi da ƙamshi. Idan ganyen ya kai yana karyewa a hannu, sai a zuba a kwalba mai murfi ba tare da an daka ba, a riƙa murzawa a lokacin girki.