Talata: an duba fitsarin tun da ɗuminsa

Daren jiya sau shida na tashi. Na ƙirga ne saboda sabuwar likitar ta ce in riƙa rubutawa. Kowane tashi abin da ke fitowa bai fi cokali biyu ba, amma marar kamar an ajiye garwashi a ciki. Da asuba sai da na sake alwala kafin na idar da raka'a biyu. A shekara biyu da rabin nan wannan ya fi komai ci mini rai. Zafi ana daurewa, amma ki tsaya a gaban Ubangiji hankalinki yana kan mafitsara, wannan Yaya kaɗai na iya faɗa wa.

Ƙarfe takwas Abban yara ya sauke ni a asibiti, da jakar takarduna. Gwajin fitsari bakwai ne a ciki, biyar sun ce babu ƙwayar cutar da ta tsiro. Da waɗannan biyar ɗin aka sha ce mini damuwa ce kawai, in rage tunani. Wani likita a baya ya ce kumburin bangon mafitsara ne wanda ba na ƙwayar cuta ba, in bar shayi da yaji da lemo, in koyi zama da shi. Na bari. Na sha ja da yalo daga kemis, na sha jiƙon sanyi kala-kala da 'yan uwa ke aiko mini don ƙauna.

Yau likitar ta karɓi fitsarin, ta tura shi ɗakin gwaji nan take, ta ce a sa a madubin likita kafin ya jima, domin fararen ƙwayoyin jini suna lalacewa idan ya daɗe a ajiye. Da takardar ta dawo ta juyo da ita gabana.

"Malama, kin gani? Fararen ƙwayoyin jini da yawa. Jikinki yana faɗa da wani abu."

Sai da na share hawaye da gefen hijabi. Ba ciwon ne ya ragu ba, ganin sa a rubuce ne.

Ta zauna ta yi mini bayani, kuma ina so in rubuta kafin in manta. Ma'aunin da ɗakunan gwaji da yawa ke bi, wato ƙwayoyin cuta 100,000 a mililita ɗaya na fitsari kafin a ce akwai cuta, wani likitan jami'ar Harvard ne a Amurka, Edward Kass, ya kafa shi a shekarun 1950, kuma hankalinsa ya fi karkata ga ciwon da ya kai ƙoda. A 1982 wani bincike ya nuna macen da ke jin zafin fitsari, ƙwayoyi 100 kacal na iya zama cuta a jikinta. Ga shi ni kullum da gorar ruwa nake yawo, fitsarin ya tsinke kafin ya je gwaji. Ta ƙara da cewa a 2003 masu bincike a birnin St. Louis na Amurka sun gano a jikin ɓeraye cewa ƙwayar cutar E. coli, wadda ita ce ke jawo mafi yawan ciwon mafitsara, tana iya shigewa cikin ƙwayoyin bangon mafitsara ta taru a can, inda gajeren magani ba ya isa sosai. A Landan, marigayi Farfesa James Malone-Lee ya yi shekaru yana ba irin waɗannan marasa lafiya magani na watanni.

Har na fara murna, sai ta ɗaga hannu. Ta ce likitoci ba su yi ittifaƙi a kan wannan hanya ba, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta ba alawa ba ne. Ɗaya daga cikinsu, nitrofurantoin, idan aka daɗe ana sha yana iya taɓa huhu da hanta, yawan shan magani kuma yana sa ƙwayoyin su daina jin sa. Na ji daɗin wannan gaskiyar fiye da a ce ta yi mini alkawarin warkewa.

Sannan ta tambaye ni ko na yi wanka a rafi ina yarinya. Ai mu a garinmu rafi ne wurin wanki da wasa duk damina. Ta ce to dole a nemi tsargiya, don tana iya zama a mafitsara shekaru, haka ma tarin fuka idan ya shiga hanyar fitsari yana sa a ga fararen ƙwayoyi ba tare da komai ya tsiro ba. Na jira har azahar na sake ba da wani fitsarin, wai tsakar rana ƙwan tsargiya ya fi fitowa. An ɗauki jinin suga, an rubuta hoton mara.

Ba ta ba ni magani yau ba. Fitsarin farko na gobe da asuba take so, a shuka shi a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar cuta za ta tsiro, ta kuma rubuta a takardar cewa ko kaɗan ne ya tsiro a faɗa mata da maganin da ke kashe shi. Idan an samu, za mu fara da wannan, daga baya ta duba ko wani magani mai suna Hiprex zai hana ciwon dawowa.

Na biya ta gidan Yaya na kwashe mata labari, ta ce Alhamis ita za ta raka ni. Kwalbar gwajin tana kan taga kusa da buta, don kada barci ya sa in manta.